Leda da Jarka: Uwa Ɗaya, Uba Ɗaya, Hali Daban

 

Da yawa daga cikinmu mun tashi mun iske ana nannaɗe tsire a takarda, ana ƙulla alala a ganye, ana ɗebo ruwa a tulu. Yau leda da jarka sun ture waɗannan duka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ledar nan mai laushi da jarkar nan mai tauri daga sinadari guda aka yi su, wato poliyetilin. To, yaya aka yi 'yan ɗaki ɗaya suka sha bamban haka? Amsar tana cikin tarihinsu.

Labarin ya faro ne a watan Maris na shekarar 1933, a ɗakin binciken kamfanin ICI da ke kusa da garin Northwich a Ingila. Masana biyu, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suna gwajin iskar gas mai suna etilin cikin tukunyar ƙarfe, da zafi da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 1,000. Da suka buɗe tukunyar sai suka ga wani farin abu kamar kakin zuma ya manne a jikinta. Ba shi suke nema ba, kuma da aka sake gwadawa abin ya ƙi, wani lokaci ma sai ya tarwatse. Sai a 1935 Michael Perrin ya sami hanyar maimaita shi, daga baya aka gane ashe ɗan iskar oksijin da ta sulale cikin tukunyar ce ta tayar da aikin. An soma yin sa da yawa a 1939, daidai da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, sai Ingila ta mayar da shi sirri, tana rufe wayoyin na'urar hango jiragen sama da shi. Wannan shi ne babban wa, wanda ake kira LDPE, mai sakakken jiki.

Ƙanen bai zo ba sai bayan yaƙi, kuma sau biyu aka haife shi. A 1951, a Oklahoma ta Amurka, Paul Hogan da Robert Banks na kamfanin man Phillips suna neman hanyar mayar da gas ya zama fetur, sai sinadarin kuromiyam da suka saka ya ba su roba mai tauri. A 1953 kuma, a garin Mülheim na Jamus, Karl Ziegler ya bi sawun wani gwaji da ya ɓaci saboda ɓurɓushin ƙarfen nikel da ya rage a tukunya, har binciken ya kai shi ga yin poliyetilin ba tare da wancan matsi mai haɗari ba. A kan wannan aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1963, tare da Giulio Natta na Italiya. Sabuwar robar ita ce HDPE, mai matsattsen jiki. Da farko kasuwa ta ƙi ta, ta yi ta taruwa a rumbunan Phillips, sai a 1958 da aka yi yayin wani zoben wasa da yara ke juyawa a ƙugu, shi ya kwashe kayan.

Mene ne ainihin bambancin? Ku tuna damin kara da tarin ƙaya. Poliyetilin dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin etilin. Matsi mai tsanani yakan sa sarƙoƙin su yi rassa ko'ina, ba su iya kwanciya kusa da juna, kamar ƙayar da aka tara don shinge. Hanyar Ziegler da ta Phillips kuwa miƙaƙƙun sarƙoƙi suke bayarwa, masu haɗuwa tsam kamar kara a dami. A ma'auni ratar kaɗan ce: kimanin giram 0.92 a kowane ɗan kube mai faɗin santimita ɗaya, ga LDPE, da kimanin 0.95 ga HDPE. Dukansu suna yawo a saman ruwa. Amma wannan 'yar rata ita ta raba aikinsu.

LDPE tana lanƙwasuwa, tana miƙewa, ana ɗan hango abin da ke cikinta, tana narkewa a wajen digiri 110. Da ita ake ledar ruwan sha, da kwalbar maganin ɗigon ido da ake matsawa, da murfin kwano mai laushi. HDPE tana da tauri, tana ɗaukar nauyi, ba ta narkewa sai wajen digiri 130. Da ita ake jarka, da bututun ruwa, da akwatin lemo, da tankin man mota. Dukansu rana tana cinye su idan ba a gauraya da baƙin gawayi na musamman ba, shi ya sa bututun waje yawanci baƙi ne. Mai son tantancewa ya dubi gindin kayan: tun 1988 ake buga lamba 2 ga HDPE, lamba 4 ga LDPE. A leda ma kunne ya isa, mai ƙarar kwas-kwas HDPE ce, mai shiru LDPE ce.

Mu ma abin ya shafe mu. Masana'antar Eleme kusa da Fatakwal tana yin poliyetilin daga gas ɗin ƙasarmu, kuma masana'antun Kano na Sharaɗa da Bompai sun daɗe suna sarrafa roba. Cikinmu akwai 'yan kasuwa, akwai injiniyoyi, akwai masu sa hannu a kwangilar ruwa. Wanda ya sa mai laushi inda ake bukatar tauri, kayansa za su lotse da nauyi ko zafi. Wanda ya sa mai tauri inda ake bukatar laushi, murfinsa ba zai kama ba. Masu tara tsohuwar roba kuma, idan suka narka su a cakuɗe, abin da zai fito bai kai ko ɗayansu ƙarko ba. Ƙarkon nan nata kuwa shi ne ya sa ledar da muka yar take toshe magudanan ruwa, take cika tumbin awakinmu.

A ƙarshe, ku lura duk matakan nan uku daga gwajin da bai tafi yadda aka so ba suka fito. Da Fawcett da Gibson sun kankare tukunyarsu sun yi shiru, da wani labarin ake yi. Malamanmu na kimiyya sun sha ce mana mu rubuta abin da muka gani, ba abin da muka so gani ba. A lokacin mun ɗauka takurawa ce. Ina roƙon ƙungiyarmu, idan an zo rabon gudummawa, a tuna da ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, domin ƙannenmu su sami tukunyar da za su leƙa.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa mu dace. Amin.