Bin Sawun Kakannin da Suka Je Yaƙin Bama: Matsalar Suna da Muhimmancin Lambar Soja

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyar da zuriyar tsofaffin sojojin Arewa za su bi su gano inda kakanninsu suka yi yaƙi tsakanin 1940 da 1945. Ta nuna cewa suna kaɗai ba ya kai mai bincike ko'ina, kuma lambar soja ce ke haɗa labarin gida da takardun hukuma.

Gabatarwa

Gidaje da yawa a Kano, Zariya da Katsina suna da labarin wani kaka da "ya je Bama". Sau da yawa a nan labarin ke tsayawa. Alhali fagen daga ba ɗaya ba ne. Birged ta 23 ta Nijeriya ta yaƙi Italiyawa a gabashin Afirka, ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A Bama, ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 a yankin Arakan, suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 ta Nijeriya kuwa an ware su cikin dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit. Sunayen barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya daga wannan yaƙi suka samo asali.

Matsalar suna

A nan gizo ke saƙar. Akawun da ke ɗaukar kurata yakan rubuta sunan yanka ya haɗa da sunan gari, sai a sami Audu Kano, Musa Bauchi, Garba Sokoto. Garin ma ba lallai ne mahaifar mutum ba. Yana iya zama inda aka ɗauke shi. Ga kuma waɗanda ba Hausawa ba da suka shiga da sunan Hausa, domin Hausa ce harshen bariki tun zamanin Gwamna Lugga. Saboda haka bataliya guda na iya ƙunsar Audu Kano fiye da ɗaya, sannan wanda gida suka sani da Ɗanlami ba zai bayyana da wannan suna ba sam.

Lambobin yabo ma ba sa warware matsalar. Wanda ya buɗe adakar kakarsa ya ɗauko tauraron Bama, mai kusurwa shida da ƙyalle ja a tsakiya, in ya juya bayansa zai tarar da shi fayau, domin Ingila ba ta zana sunan kowa a lambobin wannan yaƙi ba. Tauraron na shaida cewa an je, amma ba ya faɗin wanda ya je. Abin nema shi ne littafin sallama, ko takardar fansho, ko katin ƙungiyar mazan jiya, inda lambar soja take, galibi da haruffan NA a gabanta.

Taskokin tarihi

Da lamba da bataliya a hannu, ƙofa ta buɗe. A taskar Kew da ke Landan akwai kundin yaƙi na kullum na rundunonin kudu maso gabashin Asiya a jerin WO 172, da takardun neman lambar jarumta a WO 373. Kundin kullum yakan ambaci hafsa Bature da sunansa, ya bar baƙin soja a matsayin adadi. Wannan rashin adalci ne da mai bincike zai yi ta karo da shi. Duk da haka kundin yana nuna inda bataliya ta kwana a rana kaza, da kogin da ta tsallaka. Wanda bai dawo ba, a neme shi a rajistar Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Commonwealth, musamman dutsen tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan, mai ɗauke da suna kusan 27,000. A gida kuma akwai Taskar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma a 1939.

Labarin baka

Ra'ayin wannan maƙala shi ne kada a raina abin da tsofaffi ke faɗa. In kaka ta ce mijinta ya ce abinci daga sama ake jefo musu, wannan ya dace da Kaladan, inda jiragen sama ke ciyar da runduna. In ta ce kaya ya riƙa ɗauka a ka, ba bindiga ba, to yana cikin rukunin masu dako, waɗanda su ma cikakkun sojoji ne masu lamba, kuma da wuyansu aka ratsa dajin da mota ba ta shiga.

Shekara tamanin ke nan da ƙare yaƙin, 'ya'yan waɗannan sojoji su ma sun tsufa. Duk mai littafin sallama a gida ya ɗauki hotonsa shafi-shafi, ya naɗi muryar dattijon da ya rage, kafin gara da ajali su riga shi.