Tarihin Tallafin Man Fetur a Najeriya

Tallafin man fetur shi ne giɓin da gwamnatin Najeriya ta riƙa cikewa tsakanin abin da litar fetur ta ci kafin ta iso gidan mai da farashin da hukuma ta yanke a sayar wa jama'a. Tsarin ya yi shekara hamsin yana aiki, daga 1973 zuwa 2023, kuma da wuya a sami wata manufar tattalin arziki da ta haddasa yajin aiki da zanga-zanga a ƙasar kamar yadda ya haddasa. Shugabanni da dama, na soja da na farar hula, sun ƙara kuɗin mai da niyyar rage tallafin, akasarinsu kuma sun sassauta bayan jama'a sun fito kan titi.

Asalinsa

An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, matatar farko kuma ta soma aiki a kusa da Fatakwal a 1965. A wancan zamani kamfanonin ƙasashen waje ne ke rarraba mai, farashinsa kuwa yana hawa gwargwadon nisan gari da bakin teku, ta yadda direban Maiduguri ke biyan fiye da na Legas. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa farashi ɗaya ga ƙasar baki ɗaya, lita ba ta kai kwabo 9 ba. A 1975 aka kafa asusun daidaita farashi na PEF don biyan kuɗin dakon mai zuwa garuruwa masu nisa, sannan dokar kayyade farashi ta 1977 ta haramta sayar da fetur sama da abin da gwamnati ta yanke. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin mai na ƙasa, NNPC.

Arewa ta fi kowane yanki cin moriyar farashin bai ɗaya, shi ya sa maganar mai a can ba ta taɓa rabuwa da maganar adalci tsakanin sassan ƙasa ba. An shimfiɗa bututu daga kudu zuwa matatar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1980, aka gina rumbunan ajiya a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri da Yola. Idan aka haɗa da matatar Warri ta 1978 da sabuwar matatar Fatakwal ta 1989, ƙarfin matatun ya kai ganga 445,000 a rana.

A wannan mataki tallafin ba tsabar kuɗi ba ne da ake fitarwa daga baitulmali. Gwamnati na sayar wa matatunta ɗanyen mai ne ƙasa da farashin kasuwar duniya, abin da ta rasa kawai shi ne ribar da za ta samu da ta kai shi waje. Naira kuma ta fi dala daraja a lokacin, don haka nauyin bai dami kowa ba.

Zamanin tsuke bakin aljihu

Faɗuwar farashin ɗanyen mai a shekarun 1980 ce ta sauya lissafin. Da Janar Ibrahim Babangida ya ɗauki shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, lita ta tashi daga kwabo 20 zuwa 39.5. A watan Afrilun 1988 ƙarin kwabo biyu da rabi kacal, zuwa 42, ya tayar da tarzomar da ta faro daga ɗaliban Jos ta bazu zuwa wasu birane. Daga nan aka sami salon da ya yi ta maimaituwa: gwamnati ta yi ƙari mai yawa, ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta kira yajin aiki, a zauna a daidaita kan farashin da ya fi na da amma bai kai wanda aka fara ambata ba.

A Nuwamban 1993 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan ta ɗaga lita daga kwabo 70 zuwa naira 5. Ana cikin yajin aikin da ya biyo baya Janar Sani Abacha ya karɓi mulki, ya mayar da ita naira 3.25, kafin shi ma ya kai ta naira 11 a 1994. Abacha ya zo da dabarar da ta yi tasiri: ya ware rarar kuɗin ya zuba a asusun PTF ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, aka gyara hanyoyi, aka kai magunguna asibitoci da kayan karatu makarantu. An soki asusun da cewa gwamnati ce a cikin gwamnati, Shugaba Obasanjo kuma ya rushe shi a 1999. Duk da haka, shi ne misalin da talakawa suka ci gaba da kafa hujja da shi, domin a nan ne suka ga kuɗin mai da idonsu.

A waɗannan shekaru matatun suka fara durƙushewa saboda rashin gyara a kan kari da fasa bututu. Ƙasar da ke cikin manyan masu haƙo mai a Afirka ta koma sayo tataccen fetur da dala, alhali naira na ta faɗuwa. Layin mai ya zama ruwan dare, 'yan bumburutu suka cika bakin titi da galan-galan. A nan ne tallafin ya rikiɗe ya zama bashin da ake biya da tsaba, wanda ke kumbura duk lokacin da ɗanyen mai ya yi tsada ko naira ta karye.

Mulkin farar hula da rikicin 2012

Obasanjo ya ƙara kuɗin mai sau da dama tsakanin 2000 da 2007, yana fafatawa da NLC ta zamanin Adams Oshiomhole. A 2003 ya kafa hukumar tsara farashi ta PPPRA, a 2006 kuma aka buɗe asusun da ake biyan 'yan kasuwa masu shigo da mai daga cikinsa. Umaru Musa 'Yar'adua ya soke ƙarin ƙarshe da magabacinsa ya yi, ya tsayar da lita a naira 65.

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin ba zato ba tsammani, mutane da yawa suna garuruwansu hutun ƙarshen shekara, lita ta koma naira 141. Ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala da gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ne suka fi fitowa kare matakin. Hujjarsu ita ce masu motoci da yawa da masu fasa-ƙwauri ne ke cinye tallafin, kuma kuɗin ya fi amfani a asibiti da makaranta da hanya. Masu adawa suka ce mai arha shi ne kaɗai rabon da talaka ke gani daga arzikin ƙasarsa, kuma a inda babu wadatacciyar wutar lantarki ko jirgin ƙasa, fetur ne ke tuƙa ɗan acaɓa da injin niƙa da famfon mai noman rani. Yajin aikin gama-gari ya fara ranar 9 ga wata, ƙasa ta tsaya cak. A Kano matasa sun kwana a dandalin Silver Jubilee, an kuma rasa rayuka a can da Legas da wasu wurare. Ranar 16 ga Janairu gwamnati ta sauko zuwa naira 97, ta ci gaba da shirin SURE-P na kashe rarar da aka samu.

Binciken da Majalisar Wakilai ta yi bayan haka, ƙarƙashin Farouk Lawan, ya ba kowane ɓangare makami. Rahoton ya nuna an kashe sama da naira tiriliyan 2.5 a kan tallafi a 2011, alhali abin da aka ware a kasafi naira biliyan 245 ne, kuma kamfanonin da ke shigo da mai sun ƙaru daga 'yan ƙalilan zuwa kimanin 140, wasu an biya su kuɗin man da ba su kawo ba. Masu son janyewa suka ce ga dalili nan. Masu adawa suka ce ɓarayi ya kamata a kama maimakon a hukunta mai hawa motar haya, kuma a wannan gaɓa hujjarsu ta fi ƙarfi, domin kaɗan ne daga cikin waɗanda aka zarga suka ga gidan yari. Shi kansa shugaban kwamitin kotu ta same shi da laifin karɓar cin hancin dala 500,000 a 2021, abin da ya ƙara zubar da yardar jama'a ga duk wata magana ta hukuma kan mai.

Daga Buhari zuwa janyewa

Buhari yana cikin waɗanda suka yi shakkar lissafin tallafi kafin ya hau mulki, amma a Mayun 2016, bayan dogon layin mai, ya ɗaga lita zuwa naira 145. A 2020, da annobar korona ta karya farashin ɗanyen mai, gwamnati ta ce ta saki farashi a hannun kasuwa. Da man ya sake tsada sai tallafin ya dawo ta bayan gida: NNPC ya zama shi kaɗai ke shigo da fetur, yana cire asararsa daga kuɗin da ya kamata ya zuba a asusun tarayya. Dokar masana'antar mai ta Agustan 2021 ta tanadi a daina, aka ɗage aiwatarwa da wata 18. A 2022 tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4, kamfanin ya yi watanni bai ba asusun tarayya ko kwabo ba.

Wani kaso na wannan mai ƙetare iyaka ya riƙa yi. A Maraɗi da Damagaram da Ƙonni na Nijar, da garuruwan Jamhuriyar Benin da arewacin Kamaru, fetur ɗin Najeriya aka riƙa sayarwa a kwalabe a bakin hanya, har a 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Dokar ta ƙuntata wa mazauna Jibiya da Illela da Maigatari, ba ta kuma toshe hanyar ba.

Manyan 'yan takara uku na zaɓen 2023 duk sun yi alkawarin janye tallafin, kasafin shekarar kuma bai tanadi kuɗinsa ba sai zuwa watan Yuni. Ranar 29 ga Mayu Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafi ya tafi. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 488 a Legas da 557 a Maiduguri, farashin bai ɗaya na 1973 ya ƙare ke nan. Sakin naira a hannun kasuwa a watan Yuni ya ninka raɗaɗin, ya kuma sake buɗe giɓin da NNPC ya ci gaba da ɗauka har zuwa Oktoban 2024, lokacin da lita ta haura naira 1,000. Hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban shekarar. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yuli, amma hakan bai hana zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta ba, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna da sauran biranen Arewa.

Man da ake fitarwa daga rumbuna kullum ya sauka daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50, alamar raguwar fasa-ƙwauri da kuma ajiye motoci da mutane suka yi. Nijar, wadda matatarta ta Damagaram ke tace ganga 20,000 a rana, ta shiga ƙarancin mai a farkon 2025. Matatar Dangote da ke Legas, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara sayar da fetur a Satumban 2024. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, muhawarar kuma ta koma kan abin da gwamnoni ke yi da kuɗin, da makomar matatun gwamnati, da ko ya dace a ci gaba da ba da lasisin shigo da mai alhali ana tace shi a gida.