Daidaiton Sura da Haɗarin Lissafin Rabin Gini: Nazari kan Baka

Tsakure

Maƙalar ta duba ribar da injiniya ke samu, da asarar da yake tafkawa, idan ya dogara da daidaiton sura wajen lissafin ƙarfin gini. An ɗauki baka, wato ginin da ake lanƙwasawa daga bango zuwa bango don ɗaukar rufi, aka yi masa lissafi biyu da hannu: na nauyin da ya taru a gefe ɗaya, da na kantarewa a ƙarƙashin nauyin da ya rabu daidai. A duka biyun lissafin rabin baka ya ɓoye hanyar da bakan zai bi ya rushe. A na biyun ma ya nuna ƙarfin da ya ninka na gaskiya kusan sau 2.7.

1. Gabatarwa

Ana cewa abu yana da daidaiton sura idan za a iya juya shi, ko a haska shi a madubi, ya fito kamar ba a taɓa shi ba. Faifai yana da daidaiton juyi, baka kuwa yana da na madubi, domin hagunsa hoton damansa ne. A 1894 Pierre Curie na Faransa ya tsara ƙa'idar da ake tafiya a kanta har yau: duk daidaiton da ke cikin sanadi sai ya bayyana a cikin sakamako. Injiniyoyi sun ci moriyar wannan ƙa'ida sosai. Idan gini da nauyin da ke kansa duk suna da daidaiton madubi, sai a tsaga shi biyu a takarda, a lissafa rabi, a ɗauka ɗaya rabin haka yake. A da, lokacin da ake warware jerin lissafi da hannu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don aikin yana ƙaruwa ne kamar n³, inda n shi ne yawan abubuwan da ake nema: in an rage su da rabi, aikin ya koma kusan kashi ɗaya cikin takwas. Yau ma ɗalibi da ke gaban kwamfuta yakan yanke rabi don manhaja ta gama da wuri.

Sai dai ƙa'idar na da sharuɗɗa biyu da ake yawan tsallakewa. Na farko, sanadi ba zanen gini kaɗai ba ne, ya haɗa da kayan ginin, da nauyin, da ƙasar da aka kafa shi. Na biyu, ana buƙatar matsalar ta kasance mai amsa ɗaya tak.

2. Daidaito a cikin kayan gini

Dokar Hooke, idan aka faɗaɗa ta ga dunƙulallen abu, tana haɗa ƙarfin da ke cikinsa da sauyin siffarsa ta hanyar lambobi 81. Hujjar makamashi da George Green ya kawo a 1837, tare da daidaiton da ke cikin lissafin kansa, ta mayar da su 21. Daga nan surar kayan ce ke ci gaba da rage su: katako, mai hanyoyi uku mabambanta, yana buƙatar 9, abin da zarensa ya miƙe hanya ɗaya yana buƙatar 5, ƙarfen gini, wanda ake ɗauka duk inda aka ja shi ɗaya ne, 2 kacal.

Waɗannan biyun ma aro ne. Ƙwaya ɗaya ta tagulla taurinta ya kai kimanin gigafaskal 191 ta wata fuska, ta wata fuskar kuma 67 ne kawai. Waya ko faranti na tagulla yana yin kamar ko'ina ɗaya ne saboda miliyoyin ƙwayoyin sun kwanta barkatai, kowace ta rufe wa wata. Da an murza ƙarfen a injin, ƙwayoyin suka fara fuskantar hanya ɗaya, sai bambancin ya dawo. Azara ta fi wannan fito da maganar fili. Gangar giginya ta fi tauri da yawan zare ta wajen ɓawo, cikinta kuwa taushi ne, don haka azarar da aka tsaga tana da fuska mai ƙarfi da fuska mai rauni. Magini da ya san aikinsa yakan juya ta a hannu ya duba kafin ya kwantar da ita.

3. Nauyin gefe ɗaya

Tun 1675 Robert Hooke ya lura cewa sarƙar da aka rataya, idan aka kifar da siffarta, ita ce siffar bakan da zai tsaya da danniya zalla. Giovanni Poleni ya yi amfani da wannan dabara wajen duba tsagewar ƙubbar cocin Saint Peter a Rum, ya buga sakamakon a 1748. Layin da danniya ke bi a cikin baka shi ake kira layin turi. Muddin yana tsakiyar kaurin bakan, a cikin sulusin tsakiya, ba inda kayan zai ji ja. Ƙasa da dutse kuwa danniya suke jurewa, ja ne ba sa so.

A ɗauki baka mai siffar farabola, faɗinsa L, tashinsa f, mai gaɓa uku: biyu a gindi, ɗaya a ƙololuwa. Idan nauyi ya rabu daidai daga bango zuwa bango, layin turi ya hau kan siffar bakan cif, ƙarfin lanƙwasa sifili ne. Yanzu a ɗora nauyi w a kan rabi ɗaya kawai. Ana iya raba shi gida biyu: w/2 a ko'ina, wanda ba ya lanƙwasa komai, da kuma w/2 mai danna hagu yana ɗaga dama. Wannan kaso na biyu, mai saɓani, yana sa kowane rabi ya yi kamar gungumen da aka ɗora kan madogara biyu, tsawonsa L/2. Ƙarfin lanƙwasa a rubu'in faɗi sai ya zama wL²/64. Wanda ya yanke rabi ya ɗora masa sharaɗin madubi ba zai taɓa ganin wannan lamba ba, domin sharaɗin da ya sa ya riga ya ce nauyin yana ɓangarorin biyu.

Ga misali da lambobi, na gwaji ne kawai. Faɗin baka mita 6, tashi mita 1.5, tsakanin baka da baka mita 2. Indararo ɗaya ya toshe da ganye a tsakiyar damina, ruwa ya kwanta santimita 10 a gefe ɗaya na soro. Nauyinsa kilonutan 2 ne a kowace mita, ƙarfin lanƙwasa kuma kilonutan-mita 1.125. Idan rufin ƙasa ne mai kaurin kusan rabin mita, nauyin kansa ya kai kilonutan 20 a mita, turin da yake yi wa bango 63 ne, layin turi kuwa ya goce da santimita 1.8 kacal. Idan rufin mara nauyi ne, mai kilonutan 2 a mita, turin 9 ne, amma gocewar ta kai santimita 12.5. Na farko kaurin santimita 11 ya ishe shi riƙe layin a sulusin tsakiya, na biyu sai kimanin 75.

Ke nan nauyin rufin ƙasa, wanda ake yawan ɗauka a matsayin aibu, shi ne ke danne saɓanin. Kuɗin wannan kuwa bango ne ke biya, don turin kilonutan 63 ya haura tan 6, shi ya sa ba a ganin bakan gizo, wato bakan ginin gargajiya na Hausawa, a kan siririn bango. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, shaida ne ga abin da wannan ƙira za ta iya. Amma a yi hattara da ɗora wannan lissafi kai tsaye a kansa. Bakan gizo ba farabola mai gaɓa uku ba ne. Ana fito da azara daga bangaye biyu, hawa-hawa, ana ɗaurewa ana yaɓe da ƙasa har ƙafafun su haɗu a sama, kuma azarar tana ɗaukar ja inda ƙasa ta gaza. Haka nan ruwan da ya kwanta ba nauyi kaɗai yake ƙarawa ba, yana jiƙa ƙasar gefen ya rage mata ƙarfi, wato daidaiton ya karye ta fuska biyu a lokaci guda.

4. Kantarewa

Sharaɗi na biyu ya fi wuyar sha'ani, domin a nan ba a taɓa nauyin ba, ba a taɓa kayan ba. Leonhard Euler ya nuna a 1744 cewa sanda miƙaƙƙiya da aka danna ta tsakiya, da zarar nauyin ya kai π²EI/L², inda EI taurinta ne, L kuma tsawonta, tana iya kantarewa hagu ko dama. Curie bai yi kuskure ba: amsoshin biyu, in an haɗa su, suna da daidaiton madubi. Sandar ce dai ba ta iya bin duka biyun, sai ta zaɓi ɗaya.

A ɗauki baka rabin da'ira, mai gaɓa a gindi biyu, faɗin da'irarsa daga tsakiya R, taurinsa EI, matsi q yana danna shi daidai ta ko'ina kamar ruwa. Lissafin kantarewa yana ba da q = (k² − 1)EI/R³, inda k lamba ce da ta dogara da siffar kantarewar. Siffa mai saɓani, inda gefe ɗaya ya lotsa ɗaya ya kumbura, ƙololuwa ta zame gefe, tana fitowa a k = 2, wato q = 3EI/R³. Siffa mai daidaiton madubi, inda ƙololuwa ke motsi sama da ƙasa kawai, sai a k = 3, wato q = 8EI/R³. Sharaɗin madubi yana hana ƙololuwa zamewa gefe, don haka lissafin rabi zai ba da 8 a matsayin amsa ta farko, alhali bakan ya riga ya tafi tun a 3. Injiniyan da ya ware rarar kariya ta ninki biyu zai ɗauka yana da sauran fili, ya ɗora 4. Abin takaicin shi ne manhaja ba za ta yi ƙorafi ba, za ta zana kyakkyawan hoto mai launi.

Warner Koiter, a kundin digirinsa na Delft a 1945, ya ƙara wani abu. A wasu sifofi, musamman siririn bututu da ake dannawa ta tsawonsa, siffofin kantarewa da yawa suna taruwa a nauyi ɗaya saboda tsabar daidaiton da'ira, sai ɗan lotsi da bai kai kaurin bangon ba ya zubar da ƙarfin. A gwaje-gwaje irin waɗannan bututu sukan rushe a sulusin abin da lissafi ya faɗa, wani lokaci ƙasa da haka. Shi ya sa hukumar NASA, a jagorarta ta 1965 mai lamba SP-8007, ta sa a riƙa rage amsar lissafi da wani kaso da aka samo daga gwaji.

5. Yadda za a yanke rabi

Wannan bai haramta yanke rabi ba. A lissafin miƙaƙƙen hali, inda ninka nauyi ke ninka sakamako, ana gudanar da rabin sau biyu: sau ɗaya da sharaɗin madubi, inda ƙololuwa ba ta zamewa gefe kuma ba ta juyawa, sau ɗaya da sharaɗin saɓani, inda ba ta motsi sama da ƙasa. A nauyin gefe ɗaya sai a haɗa amsoshin, a kantarewa kuma a ɗauki ƙaramar. Ɗaurin guga, inda bakuna biyu suka gitta juna, yana da madubi biyu, don haka rubu'insa yana buƙatar gudu huɗu. Da zarar an shiga lissafin da tsagewar ƙasa ko babban lanƙwasa ke cikinsa, haɗa amsoshi ya daina aiki. A nan sai a zana bakan gaba ɗaya, a sa masa ɗan lotsi da gangan mai siffar kantarewarsa ta farko, sannan a ɗora nauyi.