Naitirojin

Naitirojin sinadari ne mai alamar N da lamba 7 a jadawalin sinadarai. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, ba launi, ba wari. Daniel Rutherford, ɗan Sikotilan, ya fara ware shi a 1772.

Duk da yawansa, tsiro ba ya iya cinsa kai tsaye daga iska. Sai bakteriya kamar Rizobiyam, mai zama cikin 'yan ƙulli-ƙullin saiwar wake da gyaɗa da waken suya, ta mayar da shi amoniya. Shi ya sa gero ke kyau a inda aka yi wake, abin da manoman ƙasar Hausa suka sani tun kaka da kakanni. Gawo ma dangin wake ne: yana kaɗe ganye da damina, ganyen ya ruɓe ya ciyar da ƙasa. Sare shi daga gona babbar asara ce.

Daga baya wasu bakteriya kan mayar da naitirojin cikin iska. Ana kuma ƙara wa gona naitirojin ta hanyar taki: kashi 46 cikin ɗari na takin yuriya shi ne. In aka zuba fiye da kima, ruwa kan kwashe shi zuwa tafki, gansakuka ta yaɗu, kifaye su rasa iskar numfashi.