Rarraba 'Yan Wasa Aji-aji a Gasar Silalom ta Zamiyar Ruwa

Zamiyar ruwa wasa ne da mutum ke tsayawa a kan siririn allo, ya riƙe igiyar da aka ɗaura wa jirgin ruwa mai inji, jirgin ya ja shi a guje. Silalom ɗaya ne daga manyan rassansa uku. Sauran biyun su ne tsalle da nuna gwaninta. A silalom allo ɗaya ake hawa, ana karkatawa dama da hagu don kewaye ƙwallaye shida da aka kafa a kan ruwa. Tun da aka fara gasa, masu shirya ta ke fama da tambaya guda: wa ya dace ya kara da wa?

Asalin wasan

A shekarar 1922 wani saurayi ɗan shekara 18, Ralph Samuelson, ya fara zamiya da katakai biyu a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota ta Amurka. A 1939 aka kafa ƙungiyar wasan ta Amurka, aka kuma yi gasar ƙasa ta farko a Jones Beach, kusa da birnin New York. Ƙungiyar duniya ta samu a Geneva a 1946, sannan aka yi gasar duniya ta farko a Juan-les-Pins ta Faransa a 1949. An nuna wasan a Olamfik ta 1972 a Jamus, amma bai shiga jerin wasanninta na dindindin ba.

Ma'aunin gwaninta

Tsawon fagen silalom mita 259 ne. Jirgi na bin tsakiya a miƙe, kowace ƙwallo kuma tana nesa da hanyarsa da mita 11.5. Ana son ruwa kwantacce, shi ya sa ake fifita siririn tafki, sau da yawa wanda aka haƙa musamman, a kan ruwa mai faɗi irin na dam ɗin Tiga, inda iska ke tayar da igiyar ruwa.

Duk wanda ya kewaye ƙwallayen shida lafiya, sai a ƙara wa jirgi gudu da kilomita 3 a awa, har a kai iyaka: kilomita 58 ga manyan maza, 55 ga mata. Daga nan sai a koma rage igiya. Daga mita 18.25 a dawo 16, sai 14.25, 13, 12, 11.25, a yi ta saukowa. Da zarar an zo 11.25, igiyar ta gaza kaiwa ƙwallo, dole ɗan wasa ya kwanta da jikinsa, ya miƙa hannu ɗaya ya cike ratar. A 2013 Ba'amurke Nate Smith ya kafa tarihi da ƙwallo biyu da rabi a igiya mai mita 9.75. Wanda ya faɗi ko ya tsallake ƙwallo, wasansa ya ƙare nan take.

Wannan tsari ya sa gwanintar kowa ta zama lissafi: gudu nawa, igiya nawa, ƙwallo nawa. Tun daga shekarun 1990 aka fara sa wa jiragen gasa na'urar daidaita gudu, daga baya ta koma aiki da tauraron ɗan'adam. Hannun direba ya rage tasiri, sakamakon tafkuna daban-daban ya zama abin kwatantawa.

Rabo bisa shekaru

Tsohon tsari shi ne a raba maza da mata, sannan a raba su bisa shekaru. A matakin duniya akwai 'yan ƙasa da 17, 'yan ƙasa da 21, ajin gwanaye da kowa ke iya shiga, da azuzuwan manya daga shekara 35 zuwa sama, inda ake sassauta gudun jirgi. Masu buƙata ta musamman suna da nasu rabon: masu zamiya a zaune, masu yi a tsaye, da masu larurar gani, waɗanda sauti ke yi wa jagora maimakon ƙwallo.

Matsalar ta fito ne a ƙananan gasa. Sa'anni biyu na iya haɗuwa a aji ɗaya, wannan ya tashi a bakin tafki, wancan bara ya koya. Sabon hannu ya biya kuɗin shiga, ya yi doguwar tafiya, ya faɗi a ƙwallo ta biyu kafin a ce kwabo. Irinsa ba kasafai yake dawowa ba.

Rabo bisa iyawa

Daga nan tunanin haɗa kowa da tsaransa a fasaha ya samo tushe, kamar yadda a gidan dambe 'yan share fage ke fara gwabzawa da junansu kafin manyan 'yan wasa su fito. A farkon shekarun 1990 aka kafa gasar INT League a jihar Washington don masu wasa na sha'awa, ta mayar da gudun jirgi da tsawon igiyar da mutum ke iyawa su zama mizanin ajinsa. Ƙungiyar Amurka ma ta ɓullo da gasar masu koyo. A irin waɗannan wasanni akan matso da ƙwallaye kusa, a fara da gudu kaɗan kamar kilomita 25, a kuma bai wa wanda ya faɗi tun farko damar sake gwadawa. Wasu gasannin sukan auna mutum da matsakaicin sakamakonsa na baya, wanda ya fi zarce nasa shi ke lashewa.

Tsarin bai rasa masu suka ba. Akwai masu ɓoye iyawarsu don su zauna a ƙaramin aji su kwashe kofuna. Maganin da aka samo shi ne ɗaga duk wanda ya wuce iyakar ajinsa zuwa na gaba, da dogara ga jadawalin ƙasa da ke tattara mafi kyawun sakamakon kowa a shekara. Wasu kuma na ganin yawan azuzuwa na rage darajar kambu.

A yau tsare-tsaren biyu tafiya suke tare. Gasar ƙasa da ta duniya sun riƙe rabon jinsi da shekaru, inda sakamakon baya ke tantance masu cancantar shiga da jerin fitowarsu. Gasannin kulob da na masu koyo kuwa sun fi karkata ga rabon iyawa, domin ta nan wasan ke samun sababbin 'yan wasa.