Katin da Ya Tada Ƙura a Ibadan

A Maris 1961 Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps, shirin tura matasan Amurka aikin sa kai na shekara biyu a ƙasashen waje. Rukunin farko ya sauka Ghana a Agusta. Mu masu koyon rubutu, labarin Ibadan na watan Oktoba ya fi shafar mu. Wata 'yar sa kai ta rubuta wa abokinta katin wasiƙa, ta zayyana ƙazanta da talaucin da ta gani. Kati kuwa ba shi da ambulan. Ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, suka yaɗa kofensa, suka yi zanga-zanga suna kiran baƙin 'yan leƙen asiri. Shekara ɗaya da samun 'yancin kai, wa zai haɗiye wannan? Ta bar Najeriya tun ba ta fara koyarwa ba.