Steen: Farar Giyar Cape da Waɗanda Suka Noma Ta

Ziyara ce ta kai ni yankin Cape na Afirka ta Kudu. Na je hubbaren Shaihu Yusuf na Makassar, malamin da Turawan Holan suka koro daga gabas zuwa Cape a 1694, ya rasu a can a 1699. Daga tudun da yake kwance zuwa Stellenbosch tafiya ce ta ɗan lokaci a mota, kuma hagu da dama ba abin da ido ke gani sai kurangar inabi, layi-layi har gindin duwatsu. Ni ban taɓa kai giya bakina ba. Amma wanda ya tashi cikin manoma ba zai wuce gona irin wannan bai tambayi wanda ya nome ta ba.

Kamfanin cinikin Holan ya kafa zango a Cape a 1652, domin jiragensa masu zuwa gabas su riƙa ɗibar ruwa da guzuri. Shugaban zangon, Jan van Riebeeck, ya dasa inabi, aka yi matsar farko ranar 2 ga Fabrairu, 1659. Ɗaya daga cikin magadansa, Simon van der Stel, ya buɗe gonar Constantia a 1685, a 1688 kuma Faransawa masu gudun hijirar addini suka iso, aka ba su filaye a kwarin da yau ake kira Franschhoek. Sunayen da ake bugawa a jikin kwalba ke nan. Masu sassabe da kaftu da tsinkar 'ya'ya kuwa bayi ne daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, sai 'yan ƙasa Khoikhoi da aka raba da makiyayarsu.

Irin inabin da ya fi karɓar ƙasar shi ne wanda manoma suka raɗa wa suna Steen. Zafi bai dame shi ba, ga yawan 'ya'ya. Tsawon zamani ana yi masa kallon ɗan gida, sai a 1963 Farfesa C.J. Orffer na Jami'ar Stellenbosch ya gwada ganyensa, ya tabbatar Chenin Blanc ne na kwarin Loire a Faransa. Yau Afirka ta Kudu ta fi Faransar kanta noma shi. Shi ne ƙashin bayan Lieberstein, farar giya mai ɗan zaƙi da araha wadda ta fito a 1959, zuwa 1964 ta fi kowace giyar inabi ta kwalba kasuwa a duniya.

Wannan arahar ce ta tsaya mini a rai. Albarkar iri tana ciki, babu shakka, amma akwai wani abu da ake kira dop. An soke bauta a 1834, aka sallami bayi a 1838, suka fita ba su da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Dole suka koma gonakin da suka baro, mai gona kuma ya riƙa biyan wani kaso na ladansu da giya, wadda ba ta sayuwa a kasuwa, ana auna musu tun da safe har faɗuwar rana: dop ɗin ke nan. Giyar ba ta ci masa komai ba. Shi kuwa ma'aikaci da zarar jaraba ta kama shi, ba shi da ƙafar barin gonar, ɗansa ma a nan zai tashi ya gaje shi. An haramta dop a 1960, amma aka ci gaba da shi a wasu gonaki har cikin shekarun 1990, sai dokar giya ta 2003 ta sake ƙarfafa hanin. Tabon bai goge ba: lardin Western Cape na cikin wuraren da aka fi samun jariran da barasa ta nakasa tun suna ciki. Wannan zalunci ne, kuma ya fi bulala daɗewa a jiki.

A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin inabi suka yi yajin aiki, farawa daga De Doorns, lokacin ana biyansu rand 69 a wuni. A 2013 gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin ladan rand 105.

Da la'asar, a hanyata ta komawa Cape Town, na bi bayan wata akori-kura cike da ma'aikata sun tashi daga gona. Mata sun fi yawa, kowace ta ɗaure kai da ɗankwali, tana rungume da kwanon abincinta. A wata mahaɗa motar ta karya hagu, ta bi hanyar burji zuwa wasu ƙananan gidaje da ke bayan kurangar.